Daren da Na Rage wa Babana Murya

Ni mutumin ƙasar Daura ne, amma a Katsina nake neman abinci. Sana'ata hayar kayan sauti. Lasifika takwas gare ni, amfilifaya biyu, mikisa ɗaya, da wani janareto na hannu da na sayo a Kano. Biki, walima, saukar karatu, taron siyasa, duk inda ake son murya ta kai nesa ni da yarana muna zuwa. Shekara 13 ke nan ina wannan aiki. Mai irin aikina ba dandamali yake kallo ba. A tsakiyar jama'a ake kafa teburina don in ji abin da suke ji, saboda haka fuskokin mutane su ne karatuna. Nakan gane taro ya fara gajiya tun mawaƙi bai lura ba. Na san ihun da ake yi don na kusa ya gani, na kuma san wanda ke ƙwacewa daga ciki ba shiri.

Abin da zan faɗa ya faru ne a Daura, daren uku ga ƙaramar Sallah ta 2024. Na daɗe ina juya shi a raina. Matata ce ta ce in rubuta ko na sami sauƙi.

Babana makaɗin kalangu ne, shi ma gado ya yi. A ƙauyenmu, can ta hanyar Zango, shi ne makaɗin mahauta. Ranar kasuwa in an kayar da sa, kalangunsa ke shaida wa gari cewa nama ya samu. Mata na cikin gida suna ji sun san yau Sarkin Fawa ya yi yanka, sai ka ga yara sun fito da kwanuka. Da kaka, in an gama kawar da amfanin gona, sai dambe. Ya bi 'yan dambe gari-gari har tsallaken iyaka, Matamaye, Magarya, wani lokaci har Damagaram. Da farin wata kuma 'yan mata su kira shi dandali. Tun ina ɗan shekara bakwai nake riƙe mashi kuntuku, 'yar ƙaramar gangar da ke raka kalangu, in Baffana bai samu zuwa ba.

Wanda bai taɓa zama kusa da makaɗi ba yana zaton kalangu duka ne kawai. Ba haka ba ne. A hammata ake saƙale shi, tsarkiyoyin da suka haɗa fuskokinsa biyu suna ƙarƙashin dantse. In ka matse, fata ta ɗaure, murya ta yi sama. In ka saki, ta sauko. Da wannan hawa da sauka yake bin maganar Bahaushe tiryan-tiryan, har ya kira mutum, ya ambaci ubansa, ya zuga shi ko ya yi mashi habaici. Shi ake ce wa take. Mahauta suna da nasu, maƙera suna da nasu, kowane ɗan dambe da ya isa yana da nasa. Babana yana riƙe da ɗaruruwan take a kansa, bai taɓa rubuta ko ɗaya ba.

Ina da shekara 11 lokacin da Dokta Mamman Shata ya rasu, ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999. A Kano ya cika, aka kawo shi Daura aka rufe, garin ubangidansa Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Babana bai taɓa yi wa Shata kiɗa ba, ko zama wuri ɗaya ba su taɓa yi ba, amma da ya ji labari a rediyo sai ya ɗora ni a bayan keke muka nufo Daura. Ban manta cikar da garin ya yi ba. A hanyar komawa bai yi magana ba sai da muka kusa gida, sannan ya ce, kamar da kansa yake: "Mai kalangu ne fa. Jami'ar Zariya ta ba shi dokta, sarki ya rufe shi a garinsa." A lokacin ban gane abin da yake son in ji ba.

Abin da na gane shi ne na makaranta. "Ɗan maroƙi." Da haka ake kira na tun daga firamare. In an yi faɗa, yaro bai buƙatar ya doke ni, ya dai miƙa hannu ya ce "a taimaka wa ɗan maroƙi", sai aji ya kwashe da dariya. A wurinmu an jera sana'o'i hawa-hawa tun kaka da kakanni, an kuma ajiye makaɗa da maroƙa a ƙasa. Mutum zai yi rawa da kiɗanka da dare, da safe ya hana ɗansa cin tuwo da ɗanka. Bayan an ƙaddamar da shari'a a jihar Katsina a shekarar 2000 kuma sai kiran biki ya ja baya ƙwarai a wajenmu. Dandalin 'yan mata ya mutu. Wasu abokan Babana suka rataye kalangu suka koma acaɓa ko dako. Shi bai yi jayayya da kowa ba. Ya riƙe sallarsa, ya riƙe gonarsa, ranar kasuwa ya je wa mahauta. Ni kuwa na sami hujjar da nake nema: na ajiye kuntuku, na ce ba na ƙara taɓawa.

A 2006 na tafi Katsina koyon gyaran rediyo, daga nan na gangaro cikin harkar sauti. Duk wanda ya tambaye ni sana'ar mahaifina sai in ce manomi ne. Ba ƙarya na yi ba, amma na san abin da na ɓoye. A 2014 na nemi wata yarinya a cikin birni, magana ta yi nisa har an sa ranar kai kuɗi. Sai iyayenta suka aika bincike ƙauyenmu. Kawunta ne ya kira ni zaure, ya ce: "Yaro, ba mu sami wani aibu a halinka ba. Amma gidanmu ba a taɓa ba maroƙi 'ya ba, ba kuma a kanmu za a fara ba." Na koma gida na zauna a gaban Babana na faɗi maganar da har gobe nake neman gafarar Allah a kanta. Na ce kalangunsa ya tozarta ni. Bai ɗaga kai ba. Inna ce ta fashe da kuka a bayan ƙyaure.

Ni ne ɗan fari, saboda haka dama Babana ba ya kiran sunana, ba ya doguwar hira da ni, irin kunyar nan ta mutanen da. Bayan wannan rana sai kunyar ta zama katanga, kowa ya fake a bayanta. Na yi aure a 2017 da wata 'yar ƙasarmu wadda ta san asalina. Da bikin, shi da kansa ya ce kada a yi kiɗa.

Sai ga korona a 2020. A watan Afrilu aka kulle Daura, daga baya Katsina ma ta shiga. Babu biki, babu taro, ko hawan Sallah ba a yi ba. Mai hayar lasifika ba shi da abin yi in mutane ba su taru ba. Na sayar da lasifika biyu muka ci, na fara tunanin sayar da janareto. Ana cikin haka wani direba ya sauke mani buhu biyu na gero da rabin buhun wake a ƙofar gida, ya ce daga tsoho. Babu saƙo, babu wasiƙa. Na kira ƙanena a waya, ya ce ai rumbun da ya tanada don damina ya fasa. Mun ci geron nan har ya ƙare, na yi godiya ta bakin Inna. Amma ko a lokacin ban iya buɗe baki na gaya wa yaran shagona ko wane ne ya aiko ba.

To, mu zo kan Sallar 2024. Duk wanda ya yi azumin shekarar ya san zafin da aka sha, ga tsadar abinci. Man fetur da muke saye ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 ya haura 600. Mu mutanen bakin iyaka kuma muna da namu ƙarin ciwon. Tun da sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Wata bakwai da ɗoriya. Wanda bai san Daura ba ba zai gane nauyin wannan ba. Daga Daura zuwa Kongolam tafiyar 'yan mintoci ce, ka tsallaka kana Ɗan Barto. Akwai wanda gonarsa ke can gidansa ke nan, akwai wadda uwarta ke can mijinta ke nan. Mutane sun yi ta bin hanyoyin daji, amma tsofaffi da masu ƙananan yara da yawa sun haƙura. Saboda haka da Sallah ta zo ranar Laraba 10 ga Afrilu, sai mutanen tsallake suka kwararo yawon zumunci kamar an ɓalle bakin dam.

Wani matashi ɗan Daura ne ya shirya wasan Sallah a wani fili mai katanga, ya ɗauko wani mawaƙin zamani daga Kano wanda samari da 'yan mata ke ji da shi. Ni aka ba aikin sauti. Tun la'asar muka kafa kaya. An jera kujerun roba a gaba don manyan baƙi, an ja igiya an raba ɓangaren mata da na maza, masu tsire da balangu sun kafa tukubarsu a can baya jikin katanga, ga masu kunun aya da zoɓo, ga yara masu POS a bakin ƙofa. Mai shirya wasan ya sa an ajiye babbar tasa a gaban dandamali, ya ce a sanar ban da liƙi. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana, hukuncinta ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar naira 50,000, kuma a makon nan rediyo na ta maganar wani da hukumar EFCC ta gurfanar a Legas kan haka. Duk mai kyauta ya sa a tasa ko ya tura ta asusu.

Bayan magariba ya zo ya same ni ya ce: "Maigida, kafin babban baƙo akwai 'yan gargajiya, minti goma sha biyar kawai. Mahauta ne suka ba ni su. Ka ba su makirfo ɗaya ya isa." Ban kawo komai a raina ba. Ina tsugune ina naɗe waya sai na ga acaɓa biyu sun tsaya. Baffana ya sauko da kuntuku, da wasu dattawa biyu 'yan amshi, sai wani tsoho mai farar riga da buhu a kafaɗa. Tun kafin ya juyo na gane tafiyarsa.

Ranar Sallah na je gida na gaishe shi, na gaya mashi ina da aiki a Daura ran Juma'a. Bai ce mani komai ba. Yanzu ga shi yana tahowa wajen teburina, yarana uku suna tsaye, mai shirya wasa yana gefe. Ƙirjina ya yi nauyi. Da ya iso sai ya dube ni kamar yadda ake duban baƙo, ya ce: "Sannu da aiki, Malam. Ina za mu zauna?"

Ya san ina ɓoye shi, shi ne ya taya ni ɓoyewa. Ni kuma na karɓa. Na nuna mashi benci da hannu, na ce, "Can, Baba," irin "Baba" da ake ce wa kowane tsoho a hanya.

Bayan isha'i fili ya cika maƙil. Sababbin shaddodi, leshi, atamfa, hannuwa sun sha lalle, ƙamshin turare ya gauraya da hayaƙin tsire. Mai gabatarwa ya kira 'yan gargajiya. A nan na aikata abin da ya sa nake wannan rubutu. Ina da makirfo masu kyau guda huɗu, na ware su don baƙon Kano. Na ɗauko wani tsoho mai sakakkiyar waya, na sa yaro ya kafa shi nesa da fuskar kalangu, sama da kansa. Da suka fara, sai na sa yatsa na ja murya ƙasa. Lissafina shi ne in ba a ji su ba samari za su yi ihu, minti biyar a sauke su, su karɓi ɗan abin da aka yi masu alkawari su tafi, babu wanda zai tsaya tambayar ko su wane ne.

Da farko lissafin ya tafi daidai. Samarin gaba suka fara: "A sauka! Ba ku muka zo gani ba!" Wasu suna busa, wasu suna kiran sunan mawaƙin Kano. 'Yan mata suka duƙufa kan wayoyinsu. Daga inda nake ina ganin hannun Babana yana tashi yana sauka, amma abin da ke isowa bai fi ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Sai wata dattijuwa ta ɗaga igiya ta tsallako daga ɓangaren mata. Ta kai shekara saba'in, da mayafinta fari da carbi a hannu. Ta ratsa maza ta tsaya a gaban teburina, ta ce: "Kai ɗan nan, kurame ka ɗauke mu? Tsohon can magana yake yi, ka hana mu ji."

Na ce, "Hajiya, na'urar ce."

Ta ce, "To ka gyara ta. Ɗazu da kuke ta gwaji har cikin gidajenmu muna ji."

Kafin ta rufe baki sai hayaniya ta taso daga baya. Masu tsire ne. Duk da nisa, kunnensu ya tsinci taken mahauta, suka bar nama a kan wuta suka taho suna "A ƙara murya! A ƙara murya!" Mutanen tsakiya suka ɗauka, mata suka ɗauka. Samarin gaba suna a sauka, na baya suna a ƙara, fili ya rabu biyu. Babban yarona ya kai hannu kan mikisa zai ɗaga. Na riƙe mashi hannu. Wannan ma na yi, ba zan ɓoye ba.

A lokacin na ɗaga kai na dubi dandamali sosai. Babana bai kalli inda nake ba ko sau ɗaya. Ya ƙara matse kalangu a hammata, jijiyoyin wuyansa sun tashi, farar rigar ta jiƙe ta manne a bayansa. Tsoho mai shekara saba'in da wani abu yana ƙoƙarin cika fili da ƙarfin dantsensa. Sai na ga ya matsa kusa da sandar makirfo, ya yi ɗage, yana ɗaga kalangun sama ko sauti zai shiga. Ƙafarsa ta dama, wadda ke yi mashi ciwo tun bara, tana rawa.

Ban san lokacin da na saki hannun yaron ba. Na fizgi makirfo mafi kyau cikin na baƙo, na ratsa kujeru na hau dandamali. Sandar ba ta saukowa daidai ƙugu, saboda haka na durƙusa a gabansa na riƙe makirfon da hannu, ɗan taƙi kaɗan daga fuskar kalangu. Na ɗaga wa yarona hannu. Ya tura murya sama.

Shekara 13 ina cikin taro ina kallon ƙeyar mutane da gefen fuskarsu. Ran nan ne na fara ganin jama'a daga inda makaɗi ke ganin su. Bugun farko da ya fita ta lasifika takwas, sai da na ga mutane sun zabura gaba ɗaya kamar an yayyafa masu ruwan sanyi. Mahauta suka yi tsalle suka shigo gaban dandamali, wani da wuƙarsa a hannu sai da 'yan sintiri suka karɓe. Wani ƙato mai jan ido, wanda na tabbata a kasuwa ba a iya haɗa ido da shi, yana tsaye yana kirari hawaye na bin kumatunsa, yana kiran sunan ubansa da kakansa.

Babana ya bar su suka more, sannan ya juya kiɗan. Ya sassauta tsarkiya, ya koma wani sassanyan kiɗa mai rangaji, irin na dandali. Ban ƙara jin sa ba tun ina firamare. Guɗa ta tashi daga ɓangaren mata, wata ta karɓa, wata ta karɓa, har ta zagaye wurin. Tsofaffin mata suka miƙe. Wallahi na ga wadda sai da aka kama ta ta tashi, amma da ta tsaya sai ƙafa ta tuna. Suka yi layi kafaɗa da kafaɗa, suna ɗan duƙawa suna taku tare, babu wanda ya koya wa wani. Jikokinsu suka saki baki. Wata yarinya tana ɗaukar kakarta a waya tana dariya tana cewa "Inna! Inna, ashe kin iya!" can sai na ga ta sauke wayar ta rufe fuska da mayafi. Hajiyar da ta tsawata mani tana tsakiyarsu, carbin na lilo a wuyan hannunta.

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba, gaskiya ɗaya ce. Na ga wani mutum sa'ana ya tattara 'ya'yansa ya fita yana girgiza kai. Wasu samarin suka tafi sayen lemo suna jiran nasu. Amma masu cewa a sauka sun yi shiru, da yawansu ma sun hau kan kujeru suna leƙe.

Ina durƙushe, hannuna ya fara sagewa, sai na ji Babana ya tsaya cak. Ya ƙura wa wani wuri ido a ɓangaren maza, can gefe inda mutanen tsallake suka taru. Ya ce wa Baffa wata magana a hankali. Sai ya ɗaure tsarkiya tamau ya saki wani take mai kaifi, gajere, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Kiɗan dambe ne, amma na mutum ɗaya.

Wani tsoho ne zaune a ƙasa, ya jingina da sanda, da rawani irin na mutanen Damagaram. A bugu na uku ya ɗago kai. A na huɗu jikinsa ya ɗauki tsuma, tun daga kafaɗa har gwiwa. Ya yar da sandar. Ya warware rawaninsa ya naɗe a hannun hagu, ya miƙe, ya ɗaga hannun sama. Mutane suka dare mashi hanya ba tare da an ce su dare ba. Ya taho yana jan ƙafa, yana tsayawa yana gwada naushi a iska, bakinsa babu haƙora amma kirarin na fita. Babana ya buɗe murya karo na farko a daren, ya ce: "Bahago! Ashe kana duniya!"

Daga baya na ji labarin. Ɗan dambe ne daga wani ƙauye kusa da Matamaye, Babana ya yi mashi kiɗa shekaru kusan arba'in da suka wuce. Ya zo Daura ganin 'yarsa da ke aure a nan, wadda bai sa a ido ba tun kafin a rufe iyaka, jikokinsa ne suka ja shi kallon wasa. A cikin dubban fuskoki, da hasken ƙwan lantarki, Babana ya tsamo shi.

Abin da fili ya yi a lokacin ba ihu ba ne irin wanda na saba aunawa. Wani gurnani ne ya taso daga ƙasa, maza da mata. Mutanen Nijar suka rufa wa tsohon baya, mutanen Daura suka tarye su, aka cakuɗe ana rungumar juna, wanda ya sani da wanda bai sani ba. Wani yana ta faɗin "Ƙasa ɗaya ce! Wallahi ƙasa ɗaya ce!" Tsohon ya iso bakin dandamali ya laluba aljihu ya zaro takardar sefa ta jika biyar, ninke kamar laya. Mai gabatarwa ya nuna mashi tasa. Ko kallonsa bai yi ba. Ya miƙa hannu sama, Babana ya sunkuyo, ya cusa mashi ita a ƙarƙashin hula. Suka riƙe hannun juna, babu mai magana. Ni ina tsakaninsu a durƙushe, makirfon na ɗaukar numfashinsu yana watsawa ko'ina.

Minti goma sha biyar ta zama arba'in. Tasa ta cika har ana dannawa, yawanci tsofaffin naira ɗari da ɗari biyu, irin kuɗin da ke fitowa daga bakin zane.

Da na koma teburina gwiwoyina na rawa. Babban yarona ya ce, "Maigida, wannan tsoho bala'i ne. A ina suka samo shi?" Sauran biyun suna nan, mai shirya wasa ma ya zo yana murna. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Mahaifina ne." Yaron ya yi dariya, ya zaci wasa nake. Na sake faɗa. Sai ya dubi hannunsa, wanda na riƙe ɗazu, ya dube ni, bai ce komai ba.

Mawaƙin Kano ya hau wajen ƙarfe goma. Na sa filashinsa, kiɗan situdiyo ya tashi, yana bi da baki yana ƙarawa da tasa muryar. Fili ya kama da wuta. Wayoyi suka tashi sama da fitilunsu, 'yan mata na rera kowace kalma tun kafin ya kai, samari suka karya kujeru shida. In ana maganar ƙara, ihun da aka yi mashi ya ninka na Babana, kuma ban raina wannan ba, yaron ya iya, da irin wasansa nake ciyar da iyalina. Sai dai tsofaffin mata sun riga sun tafi, masu tsire sun koma kan namansu da ya ƙone.

Na bar wa yarana tebur na zagaya bayan dandamali. Na same su zaune a kan tabarma kusa da janareto, Baffa yana ware kuɗi kashi huɗu. Da ya gan ni sai ya tashi ya ja 'yan amshin suka ba mu wuri. Na durƙusa. Ƙarar janareto ta sa sai da na matso kusa da kunnensa.

Na ce, "Baba, ni na rage muryar. Da gangan na yi."

Ya ce, "Na sani. Makaɗi ya san inda kiɗansa ya tsaya."

Na ce ya yafe mani, da na yau da na 2014. Kuka ya ci ƙarfina. Ya bar ni na yi mai isata, yana ta shafa fuskar kalangu da tafin hannu. Can ya ce, "Hannunka bai gaji ba? Ka daɗe a riƙe." Na ce bai gaji ba. Ya ciro naira dubu biyu daga kasonsa ya miƙo mani, ya ce in kai wa amaryarsa goron Sallah, 'yata ke nan mai shekara biyar. Takardar sefar kuwa bai sa ta cikin rabo ba, tana nan ƙarƙashin hula.

Da zai hau acaɓa sai ya juyo ya ce, "Tsarkiya biyu sun tsinke ɗazu. In ka sami fata mai kyau a Katsina ka taho da ita."

Washegari na rufe shago da wuri na shiga neman majema. Wanda na samu ya tambaye ni ta mece ce, na ce ta kalangun Babana. Ranar Lahadi na ɗauki 'yata muka kai mashi har gida. Ya karɓi fatar ya murza ta tsakanin yatsu, ya ɗaga ta a rana, ya ce ta yi kauri, in mayar in ce a ba ni ta ɗan akuya.